Rigar da Na Ɗinka wa Ɗana a Tambuwal

A garinmu, can bakin teku a ƙasar Gana, idan bikin Kirsimeti ya matso matar gida takan sayi turmin atamfa guda a yanka wa kowa a ciki. Miji ya sami riga, ita ta sami zane, yara su sami 'yan kayansu, ranar biki a tafi coci duk wanda ya gan ku ya san gida ɗaya kuka fito. Da wannan al'ada na zo Tambuwal, shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kan Nijeriya. Ina da shekara goma sha tara, ga jariri a baya, ga keken ɗinki na hannu da uwata ta ba ni, ga kuma taurin kai, wanda shi ma a wajenta na gada.

Mijina akawu ne a wani kamfani mai sayen gyaɗa da auduga, shi ke zama bakin sikeli. Su suka turo shi Jihar Arewa, ni kuma na ce ƙafata ƙafarsa. Daga baya mun daɗe a Arewa har Hausa ta zauna mini a baki, amma wadda na zo da ita a lokacin ta zangon garinmu ce, wadda na tsinta wajen fataken goro. Ta ishe ni ciniki da zagi, amma idan Basakkwace ya saki baki sai dai in yi ta gyaɗa kai.

Muka kama haya a wani sashe na gidan wani manomi mai sayar da hatsi a kasuwa. Sashenmu yana da ƙofarsa ta waje, da wata 'yar ƙofa da ke shiga cikin gida. Maigidan mutum ne mara yawan magana, sai ka yi masa tambaya uku ya amsa ɗaya. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ita ke riƙe da gidan. Matarsa tsarata ce, mai kunya ƙwarai, kuma 'yarsu ɗaya tak, 'yar shekara uku, mai surutun da ya ishi gidan duka. Abin da ya fara ba ni haushi da su shi ne ban taɓa jin uban ko uwar sun kira sunan yarinyar nan ba, balle su ɗauke ta a gaban mutane. Na kasa haƙuri na tambayi Inna ko ba sa son ta ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce 'yar fari ce, kunyarta suke ji. Na ce a raina wannan wace irin kunya ce, mutum ya ji kunyar abin da ya haifa.

Yarinyar kuwa ɗakina ya zama wurin zamanta. Da ta ji ƙarar keken ɗinki za ta shigo ta tsuguna, tana kallon allura tana hawa da sauka, ko ta je ta jawo ɗana ta ce za ta goya shi, alhali ita ma ba ta fi a goya ta ba. Ɗana a lokacin ya kusa shekara, ya fara dafa gado yana miƙewa.

Babu coci a garin. Mu da ke bikin Kirsimeti ba mu cika tafin hannu ba, sauran ma sun tafi garuruwansu hutu. Lokacin kuma kaka ce, sayen amfanin gona ya kankama, sai kamfani ya tura mijina Kebbe ya zauna bakin sikelin can. Da zai tafi ya yi mini alkawari ko da ƙafa ne zai dawo ranar biki. Na ce masa ya dawo ɗin, don bikin farko ne na ɗanmu, kuma na yi niyyar ko babu coci, ko babu mai kallonmu, mu ukun nan sai mun sa kaya iri ɗaya mun kunna kyandir mun yi addu'a a ɗakinmu.

Na sayi atamfa shuɗiya mai zanen tsuntsaye a kasuwa. Na ɗinka rigar mijina, na dalmashe bakin zanena, na yanka ta yaron na ajiye, don ina so in haɗa ta daf da biki kada ya fi ƙarfinta. Wani ƙyalle ya ragu, na yi wa yarinyar gidan alkawarin ɗankwali da shi. Ta bi gidan tana shaida wa kowa, har awaki.

Sai ƙyanda ta shigo gari.

Na fara jin labarinta a bakin mata masu kawo ɗinki: gidan wane an rasa yaro, gidan wance biyu suna kwance. Ban ankara ba jikin ɗana ya ɗauki zafi, idanunsa suka yi ja, ƙuraje suka feso masa tun daga bayan kunne. Na kai shi ɗakin shan magani, malamin ya yi masa allura ya ba ni na sha. Inna ta kawo jiƙo a ƙoƙo. Ban tsaya zaɓe ba, duka na ɗura masa. Ƙurajen suka fara bushewa har na ce an tsira, sai tari ya kama shi, ƙirjinsa yana shiga yana fita da ƙyar. Tun da ya kwanta yarinyar gidan ta daina shigowa, na ɗauka hana ta aka yi don kada ta ɗauka, ban kuma ga laifinsu ba. Da jikin ya yi tsanani maigida ya tashi ƙanensa a kan keke ya tafi Kebbe ya kira mijina. Hanyar yashi ce, rabinta tura keken ake yi.

Ranar jajibirin Kirsimeti da hantsi rai ya yi halinsa. Yana kan cinyata, nono a bakinsa, na ji ya saki.

A garinmu na san abin da ke biyo bayan wannan, don na gani ba sau ɗaya ba. Tsofaffin mata sukan karɓi gawar su wanke, a sa mata kayan da suka fi kyau, a kwantar a gado, dangi su zo su gani. Uba shi ke tsayawa a rufe akwati, a kai bayan coci, a kafa itace da suna a kai. Ba a yin komai sai uba ya zo. Saboda haka da Inna ta shigo da gudu ta yi salati ta rufe masa ido, abu ɗaya na ce mata: a jira ubansa. Na faɗa, na sake faɗa.

Ta dafa kaina ta ce, “To, ɗiyata. Kawo shi in yi mai wanka.”

Na miƙa mata shi. Har godiya na yi mata, don a ganina ta tsaya mini a matsayin uwata da ke can nesa. Tana fita na tuna rigarsa tana nan a yanke, ko hannu ban haɗa ba. Hankalina ya tashi, na ce yanzu za a gama wankan a nemi abin sa masa a rasa. Na jawo keke na zauna.

Matan unguwa suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya har ɗakin ya cika. Kowacce ta ce sannu, sai haƙuri, ta sami wuri ta zauna. Ina ganinsu suna kallona suna kallon juna, mace ɗanta ya mutu yanzun nan tana murza keken ɗinki. Na tabbata sun ɗauka kaina ya taɓu. Ba wadda ta ce mini komai, don a zatonsu na san abin da ake yi a waje. Ni kuwa ban taɓa ɗinki da natsuwa irin ta ranar ba. Na haɗa hannuwa, na fitar da wuya, na ga wuyan ya ɗan karkace na farke na sake. Na zauna da allurar hannu na dasa maɓallai. Hawaye yana hana ni ganin ramin allura, wata daga cikin matan ta karɓa ta zura mini zare. Ƙarar keken nan ta hana ni jin duk wani motsi na cikin gida.

Da na gama na kakkaɓe rigar na bi ta 'yar ƙofa na shiga. Na tarar da Inna ita kaɗai a bayan ɗakinta tana zuba ƙasa a inda ruwa ya jiƙa, ga kwanon wanka a kife. Na tambaye ta ina yaron.

Ta ce, “An kai shi, ɗiyata. Maza sun dawo tun ɗazu.”

Na ce an kai shi ina.

“An kai shi makwancinai.”

Ba zan maimaita abin da na faɗa wa tsohuwar nan ba. Duk zagin da na kwaso a zango sai da na juye mata shi, da ya ƙare na koma harshenmu, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce ɓarayi ne, sun sace mini ɗa. Na yi jifa da kwanon wankan ya daki rumbu. Inna tana tsaye ba ta matsa ba, sai da numfashina ya ƙare sannan ta yi magana.

“Ba a barin gawa ta kwana, ɗiyata, wahalshe ta za a yi. Abin da muka yi ma namu kullum, shi munka yi ma naki.”

Daga baya na ji sauran labarin. Maigida da kansa ya je wajen liman ya tambaya ko za a ba ɗan baƙi wuri. Waɗansu maza suka fara gunaguni, liman ya ce yaron da ke shan nono ba shi da lissafi a kansa, a ba shi. Farin ƙyallen da maigida ya ajiye zai ɗinka riga shi ya yaga aka yi likkafani, shi ya rungume yaron a hannunsa har maƙabarta. Ba su yi masa salla ba, don ba su san abin da ubansa zai so ba. Maganata ta a jira kuwa sun ɗauke ta irin maganar da kowace uwa ke yi a wannan hali. A wajensu babu wani karamcin da ya fi wannan da za a yi wa baƙo. Na san haka yanzu. A ranar ko an faɗa mini ba zan saurara ba, kuma har yau da tsufana ban ce sun yi daidai ba.

Na kori matan daga ɗakina, na rufe 'yar ƙofar nan, na jingina mata akwatin kayana.

Haka na yi ranar Kirsimeti, a ƙasa kusa da gado, riga a hannuna. Aka ajiye mini kwanon tuwo a bakin ƙofar waje, ina ji kaji suka tuntsurar da shi. Na san a daidai lokacin ana kaɗa ƙararrawa a garinmu, yara sun kafa 'yan bukkokinsu na ganyen kwakwa a bakin hanya, uwata tana suya tana faɗa wa maƙwabta jikanta ya kusa fara tafiya. Nan kuwa rana ce kamar jiya. Ana daka, jakai suna wucewa da buhunan gero, aka kira salla. Wajen azahar na ji salati da kuka ƙasa-ƙasa a kusa. A makon nan kuka ta kowace kusurwa yake fitowa, ban ko ɗaga kai ba. Na tsani garin da duk wanda ke cikinsa.

Bayan la'asar mijina ya iso a bayan keken ƙanen maigida. Abin da aka gaya masa kawai shi ne yaro ba shi da lafiya. Ya zo da zabi biyu ɗaure da ƙafa, waɗanda ya saya wajen Fulani a Kebbe don girkin biki. Ya tarar da maza zaune a tabarmi a ƙofar zaure, suka miƙe suna ba shi hannu suna cewa Allah ya ba da haƙuri. Ya shigo ɗaki zabin suna reto a hannunsa, ya manta yana riƙe da su. Ya duba gado, ya dube ni, ya tambaya yana ina. Na miƙa masa rigar. Ya zauna a ƙasa.

Mijina mutum ne mai gudun fitina. Da ya dawo hayyacinsa ya fita ya ji yadda aka yi, ya dawo yana cewa mutanen nan sun yi iyakar ƙoƙarinsu, mu yi godiya mu bar wa Allah. Na ce shi ya yi godiyar. Ni sai na ga kabarin ɗana. Zan tona ƙasa kaɗan ta wajen kansa in sa masa rigarsa, in kunna kyandir, in kafa itace yadda ko bayan shekara goma na zo zan gane wurin. Ya ce mata ba sa zuwa maƙabarta a garin nan. Na ce ba izini nake nema ba, kuma ruwan garin nan ba zai sake wuce maƙogwarona ba sai na je.

Washegari ya sami maigida da maganar. Mutumin ya ce masa a bari hantsi ya yi, mutane su watse kasuwa. Na ɗaura sabon zanena, na sa mijina ya sa sabuwar rigarsa. Ya so ya yi gardama, ya dubi fuskata ya fasa. Za mu fita sai na ga mayafi rataye a kan katangar da ta raba mu da cikin gida. Na san Inna ce. Na so in bar shi a wurin, amma na ɗauka na yafa.

Maƙabartar tana bayan gari. Saboda yawan yaran da ake kawowa an buɗe sabon wuri a gefe, kusa da wata aduwa. Can maigida ya nufa da mu. Na ga 'yan tudun ƙasa a jere, gajeru, kowanne an rufe shi da ƙaya an ɗora fasasshiyar tukunya. Babu suna, babu itace, babu abin da ya raba wannan da wancan.

Maigida ya bi jerin a hankali. Ya tsaya, ya koma baya, ya sake matsawa gaba. Ina kallon bakinsa yana motsi. Can ya miƙa hannu.

“Ina zaton wanga na. Ko ko wancan.”

Zuciyata ta hau. Na ce masa da hannunsa ya kawo yaron nan shekaranjiya, yau ya ce yana zato? Na ce don ɗan baƙi ne, ɗan wadda ba ta da kowa a garin. Mijina yana jan mayafina ina fizgewa. Na ce, “Da naka ne, ka manta inda ka sa shi?”

Bai ɗago kai ba. Ya ce, “Tun shekaranjiya mun kawo waɗansu, matar akawu. Yarinyar ga ta gidanmu ma nan take, jiya munka kawo ta. Ita ma ba ni iya ce maki ga ta.”

Sai a lokacin na gane kukan da na ji da azahar, da mazan da mijina ya tarar a tabarmi, waɗanda ba su ɗora masa labarin nasu rashin a kan nasa ba. Ashe ba hana ta shigowa ɗakina aka yi ba, kwance take. Ranar da na tsaya a tsakar gidansu ina zagin Inna, yarinyar tana cikin ɗakin da ke bayanta. Ko a nan gaban kabarinta uban bai kira sunanta ba.

Na tsuguna da niyyar tonawa, hannuna ya ƙi. Duk tudun da na taɓa zai iya zama ɗan wata. Na kafa kyandir a yashi a gaban waɗanda yake kokwanto a kansu, na kunna. Maigida ya juya mana baya ya fuskanci gari, don kada ya gani balle ya hana. Mijina ya fara addu'a da harshenmu, bai kai ƙarshe ba, ni na ƙarasa. Rigar da na zo da ita da ita na koma.

Da muka isa gida na janye akwatin daga bakin 'yar ƙofa na shiga ciki. Uwar yarinyar tana zaune a tabarma a ɗakin Inna, mata kewaye da ita. Idonta a bushe, don ba ta da damar yi wa 'yar fari kuka a gaban surukarta. Aka matsa mini na zauna kusa da ita. Ba wadda ta tayar da maganar abin da na yi shekaranjiya. Inna ta dubi mayafinta a kaina, ta ce sannu da dawowa, ta miƙo mini ruwa a ƙoƙo. Na sha.

Can Inna ta fita raka waɗansu baƙi, sauran matan suka shiga gaisawa da wata da ta shigo. Sai na ji an kama bakin zanena. Uwar yarinyar ce, tana shafa tsuntsayen nan da yatsa, fuskarta na kallon wani wuri. Ta yi magana a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

“An ce kin tafi can.”

Na ce na je.

“An sa masu ƙaya da yawa? Kura nika tsoro.”

Na ce an sa, da yawa, babu dabbar da za ta iya kusantar wurin. Na ce akwai aduwa a gefe, tana yi musu inuwa idan rana ta karkata. Sannan ta tambaya ko suna kusa da juna, tata da nawa. Wannan kam na iya amsa mata ba tare da ƙarya ba. Na ce suna kusa.

Ta gyaɗa kai, ta saki zanena, don Inna ta dawo. Har muka bar Tambuwal ƙafarta ba ta taka wurin ba. Abin da na faɗa mata a ranar shi ne iyakar abin da ta sani game da inda 'yarta take, ni ma da na je ban fi ta sani ba.